Aiki mai cin lokaci a sabar: yadda ake kai shi bayan fage, da abin da ke biyo baya

Mutum ya shiga shafin wani shago a wayarsa, ya biya kuɗin kaya, ya danna maɓallin kammalawa. A wannan dannawa guda sabar tana da ayyuka da dama a gabanta: ta rubuta odar a rumbun bayanai, ta haɗa rasidi a fayil ɗin PDF, ta aika masa imel, ta tura masa saƙon tes, ta sanar da mai kai kaya. Na farkon ko rubu'in daƙiƙa ba ya ci. Sauran kuwa galibinsu sun dogara ne da wata na'ura da ke wani wuri, wadda mai shagon ba shi da iko da ita. Kamfanin tura tes yana iya amsawa cikin daƙiƙa 1 yau, gobe ya yi daƙiƙa 25 bai ce uffan ba. Idan an tsara manhajar ta yadda sai duk waɗannan sun kammala kafin a ba mutumin amsa, to saurin shafin ya koma hannun wanda ya fi kowa nawa a cikinsu.

Illar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. A ɗauki manhajar da aka rubuta da Django, tsarin gina shafuka a harshen Python, tana gudana a kan Gunicorn, shirin da ke miƙa mata buƙatun masu ziyara, wani shirin mai suna Nginx yana gabanta yana tarbar baƙi. Wannan tsari za mu riƙa komawa gare shi. Gunicorn yana buɗe ma'aikata, wato kwafin manhajar da ke gudana a lokaci guda, kuma a saitinsa na asali kowane ma'aikaci buƙata ɗaya yake riƙewa, sai ya gama da ita ya karɓi wata. Shawarar masu Gunicorn ita ce a ninka yawan cibiyoyin CPU sau 2 a ƙara 1, saboda haka na'ura mai cibiya 2 ma'aikata 5 take samu. Idan shafi na yau da kullum yana cin kashi 1 bisa 10 na daƙiƙa, ma'aikata 5 za su sallami mutum 50 a kowace daƙiƙa. Amma mutum 5 kacal su danna wani maɓalli da ke cin daƙiƙa 20, shi ke nan, ma'aikatan duka sun shagala. Na shida, wanda farashi kawai ya zo dubawa, sai ya zauna yana kallon farin shafi. CPU ɗin tana nan ba ta yin komai, domin jira kawai ake yi, amma a idon mai ziyara shafin ya mutu.

Sannan kowane mataki yana da nasa wa'adi. Gunicorn yana kashe ma'aikacin da ya wuce daƙiƙa 30 bai motsa ba. Nginx yana jiran daƙiƙa 60, idan bai ji komai daga baya ba ya mayar wa burauza kuskure mai lamba 504. A Heroku, dandalin da ake ɗora manhajoji a kansa, ana yanke buƙata a daƙiƙa 30, a rubuta H12 a kundin kurakurai. Abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne ɗaga waɗannan lambobi, 30 ta koma 300. Hakan bai warkar da komai ba, ya dai ba aiki mai nawa damar riƙe ma'aikaci minti 5 maimakon rabin minti. Akwai kuma wa'adin da ba a rubuta shi a kowane fayil ba, wato haƙurin mutum da ƙarfin sabis ɗin wayarsa. Mai amfani da datar waya a inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, haɗin da aka bari a buɗe daƙiƙa 40 yana iya tsinkewa a tsakiya. Bai ga amsa ba, sai ya sake dannawa. Oda ta zama biyu.

Karɓar aiki daban, yin aiki daban

Kowane tela ya san maganin. Ka kai yadi, ya auna ka, ya rubuta sunanka da awonka a littafi, ya ce ka dawo ranar Alhamis. Ba ya tsayar da kai a bakin shago har ya ɗinka rigar, na bayanka ma ba ya jiran a gama taka kafin a auna shi. A sabar wannan tsari ɓangare uku ne. Akwai manhajar da ke karɓar buƙata: ita ta rubuta odar, ta ajiye ɗan gajeren saƙo mai cewa "a haɗa rasidin oda mai lamba kaza", ta sallami mutumin. Akwai layi, inda saƙonnin ke zama, wanda masu sana'ar ke kira dillali domin shi ne ke tsakani; yawanci Redis ne ko RabbitMQ ko SQS na Amazon. Sai ma'aikatan bayan fage, waɗanda ke gudana dabam da Gunicorn, aikinsu kawai su ɗauko saƙo daga layi su aiwatar.

Kayan aikin sun daɗe da nuna. Shopify ne ya fitar da delayed_job a 2008, GitHub ya fitar da Resque a 2009, a shekarar ne kuma Ask Solem ya fara Celery na Python, Mike Perham ya kawo Sidekiq a 2012. Laravel, tsarin gina shafuka a harshen PHP, yana zuwa da nasa layin a ciki, masu Node.js suna da BullMQ. Ɗora Celery a kan Django aikin rabin yini ne.

Sai dai da tela ya ce "Alhamis" ya ɗauki alkawari, kuma alkawari kaya ne. A tsohon tsari, idan imel ya ƙi tafiya mutumin yana ganin kuskure nan take, ya san abin bai yiwu ba. A sabon tsari an riga an ce masa "an karɓa", ya rufe wayarsa ya tafi. Idan aikin ya faɗi bayan haka, ba wanda ke kallo. Wahalar wannan fanni duka a nan take, kuma ita ce ke raba tsarin da ke aiki ranar gwaji da wanda ke aiki bayan shekara biyu.

Shi ya sa hanyar da ta fi saurin zuwa rai take da haɗari: a buɗe sabon zare, wato wata hanyar aiki ta gefe, a cikin ma'aikacin Gunicorn ɗin, a jefa masa aikin, a mayar da amsa. FastAPI yana da BackgroundTasks da ke yin kusan haka, PHP yana da fastcgi_finish_request da ke sallamar burauza sannan ya ci gaba da aiki. Suna da wurinsu, kamar ƙara wata 'yar ƙididdiga da ba wanda zai yi kuka idan ta ɓace. Amma aikin yana zaune ne a RAM ɗin wannan ma'aikaci kaɗai. Aka sake kunna sabar don ɗora sabon gyara, ko Linux ya kashe ma'aikacin saboda RAM ta cika, aikin ya tafi, babu wata shaida da ta rage cewa an taɓa karɓarsa. A PHP kuma ma'aikacin yana nan a riƙe har aikin ya ƙare, ba zai karɓi wani baƙo ba. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ake sawa a saƙo, da lokacin sa shi

Saƙo ya zama ƙarami. Lambar oda ake sawa, ba odar gaba ɗaya ba, domin tsakanin shigar saƙo layi da ɗaukarsa mutumin yana iya canza adireshinsa ko ya soke sayen. Ma'aikaci ya je rumbu da lambar ya karanto halin da ake ciki a yanzu. Fayil ma ba ya shiga layi: a ajiye hoton ko bidiyon a faifai ko a S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, a tura sunan wurin da yake. Kalmar sirri da lambar katin banki kuwa ko kusa, domin saƙonnin layi sukan bayyana a kundin kurakurai da allon sa ido.

Lokacin tura saƙon yana da wani tarko da kusan kowa ke faɗawa sau ɗaya. Rumbun bayanai irin PostgreSQL yana ƙunshe rubuce-rubuce da yawa wuri guda, ko duka su shiga ko duka su fasa, kuma ba wanda ke ganinsu daga waje sai an ɗaure ƙunshin. To manhaja ta buɗe ƙunshi, ta rubuta odar, ta tura saƙo layi, sannan ta ɗaure. Ma'aikacin bayan fage da ke zaune ba aiki ya cafke saƙon cikin ƙiftawar ido, ya je rumbu, aka ce babu oda mai wannan lamba. Kuskuren ba kullum yake fitowa ba, sai ya zama kamar aljani: yau akwai, gobe babu. Wani lokacin ma ƙunshin ne ke warwarewa saboda wata matsala, alhali saƙon ya riga ya tafi, sai a aika wa mutum rasidin odar da ba ta wanzu ba. Django yana da transaction.on_commit tun fitowa ta 1.9, wanda ke riƙe saƙon har sai an ɗaure ƙunshin. Laravel yana da afterCommit. A yi amfani da su a duk inda aiki ya dogara da abin da aka rubuta yanzun nan.

Ko da haka ɗan giɓi ya rage. An ɗaure ƙunshin, kafin a tura saƙon sai Redis ya ƙi amsawa, ko wuta ta ɗauke. Oda ta shiga, aikinta bai shiga layi ba. Mafita mafi ƙarfi ita ce a rubuta aikin da za a yi a wani teburi na rumbun bayanan, cikin ƙunshi ɗaya da odar, wani ɗan shiri dabam ya riƙa kwasowa yana kaiwa layi. Mafita mafi sauƙi, wadda muke ganin ta isa ga yawancin shafuka, ita ce mai shara: aikin da ke tashi duk minti 5 ya nemi odar da aka biya fiye da minti 10 da suka wuce ba ta da rasidi, ya sake tura ta. Layuka kaɗan ne na rubutu, amma yana kama asarar da ta zo ta kowace hanya, har wadda ba a hango ba.

Ko ya ɓace, ko ya maimaitu

Yaushe ake goge saƙo daga layi? Amsoshi biyu ne kawai. Celery a saitinsa na asali yana gaya wa dillali "na karɓa, goge shi" dab da fara aikin. Idan ma'aikacin ya mutu a tsakiya, saƙon ya riga ya gogu, aikin ya ɓace. Idan aka kunna acks_late, sai an gama aikin ake gogewa. Ma'aikaci ya mutu a tsakiya, saƙon zai koma layi wani ya ɗauka. Amma mai yiwuwa na farkon ya yi rabin aikin, ko ma ya gama shi tsaf, ya mutu kafin ya buɗe baki ya ce ya gama. Yin aiki abu ɗaya ne, shaida wa dillali wani abu ne, kuma na'ura tana iya tsayawa a tsakaninsu. Babu saitin da ke rufe wannan tsakani. Duk wanda ya ce layinsa "sau ɗaya tak" yake kai aiki, a duba da kyau, za a tarar akwai wani wuri da ake tace maimaici.

Akwai wani ɗan lungu a Celery da ya kamata a sani. Ko da acks_late a kunne, idan ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da aikin, wato ɗaya daga cikin waɗanda babban ma'aikacin Celery ke buɗewa ƙarƙashinsa, shi ne aka kashe da ƙarfi, misali saboda RAM ta cika, Celery yana goge saƙon, sai an ƙara kunna task_reject_on_worker_lost. Da gangan aka yi haka: idan aikin da kansa ne ke cinye RAM ɗin, mayar da shi layi yana nufin zai kashe na biyu, ya kashe na uku, haka har abada. Wanda zai kunna wannan saiti sai ya sa ƙidayar gwaji a rumbu, aikin da ya kashe ma'aikaci sau 3 a ware shi gefe.

Tunda ɓacewar aiki ta fi muni a yawancin lokuta, abin da ake zaɓa shi ne a yarda ya maimaitu, sannan a rubuta shi ta yadda maimaitawar ba ta cutarwa. Wasu ayyukan haka suke tun asali: "mayar da odar nan ta zama wadda aka biya" ko sau goma aka yi sakamakon ɗaya ne, rage girman hoto a ajiye da suna ɗaya ma haka. "Ƙara naira 5,000 a asusun wane" kuwa sau biyu ta zama 10,000. Irin wannan ana ba shi lamba ta musamman tun lokacin da aka haife shi, misali lambar oda haɗe da nau'in aikin, a yi teburi mai sharaɗin cewa lamba ba ta shiga sau biyu, a rubuta lambar da ƙarin kuɗin cikin ƙunshi ɗaya. Gwaji na biyu ya zo, rumbu ya ƙi karɓar lambar, aikin ya gane an riga an yi, ya fita salin alin. Rumbun ne ya kamata ya hana, ba dubawar "an yi ko ba a yi ba" a cikin manhaja ba, domin ma'aikata biyu suna iya dubawa a lokaci guda, kowanne ya ga ba a yi ba.

Idan aikin ya shafi wani kamfani na waje, ƙunshin rumbu ba ya kaiwa can, sai an yi zaɓi. A rubuta "an aika" sannan a aika: idan aka mutu a tsakani, saƙon bai tafi ba kuma ba zai taɓa tafiya ba. A aika sannan a rubuta: idan aka mutu a tsakani, zai tafi sau biyu. Ga rasidi ta imel, na biyun ya fi, mutum ya samu biyu ba wata ɓarna. Ga tura kuɗi, babu ɗayan da ya isa. A nan ana rubuta "an fara" tare da lambar shaida ta musamman, a aika wa kamfanin biyan da wannan lambar, kuma duk gwajin da ya zo ya tarar da "an fara" sai ya fara tambayar kamfanin me ya faru da lambar nan kafin ya yi komai. Stripe yana da Idempotency-Key don wannan, sauran kamfanonin biya suna karɓar lambar shaida daga ɗan kasuwa. Wa'adi ya cika ba amsa ba ya nufin kuɗin bai tafi ba. Wannan jimla ta cancanci a liƙa ta a bangon duk ofishin da ake rubuta manhajar kuɗi.

Sake gwadawa ma sai da hankali. Kuskure iri biyu ne: na ɗan lokaci, kamar tsinkewar haɗi ko lamba 503 daga ɗaya ɓangaren, da na dindindin, kamar adireshin imel da ba daidai ba. Na farkon ake sake gwadawa. Na biyun ko sau dubu aka gwada amsar ɗaya ce. Celery a asali sau 3 yake gwadawa da tazarar minti 3, idan aikin ya nemi hakan. Da retry_backoff tazarar tana ninkuwa, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, har ta tsaya a minti 10. Sidekiq yana gwadawa sau 25 cikin kusan mako 3, sannan ya ajiye aikin a ma'ajiyar matattu inda mutum zai duba. Dukansu suna ƙara ɗan bambancin lokaci da ba a iya hasashensa a kan tazarar, kuma dalilin yana da muhimmanci: idan kamfanin tes ya faɗi na minti 10, ayyuka dubbai sun taru, duka suka koma kansa a daƙiƙa guda da ya farfaɗo, za su sake kayar da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wa'adi da lokacin ɓoyewa

A bayan fage babu Nginx da zai yanke aiki, don haka aikin da ya maƙale yana iya riƙe ma'aikaci har kwana da kwanaki. Laburaren requests na Python ba shi da wa'adi ko kaɗan sai an sa masa. Ɗaya ɓangaren ya buɗe haɗi ya yi shiru, za a jira shi har abada. Kowane kira zuwa waje a sa masa wa'adi, daƙiƙa 10 ko 15. Kowane aiki kuma a sa masa biyu: soft_time_limit, wanda ke tada kuskure a cikin aikin don ya samu damar kintsawa ya rubuta inda ya tsaya, da time_limit, kaɗan sama da shi, wanda ke kashe ma'aikacin.

Idan Redis ne dillali, Celery yana ɓoye saƙon da aka ɗauka na wani lokaci, idan lokacin ya wuce ba a ce an gama ba sai ya ɗauka ma'aikacin ya mutu, ya mayar da saƙon layi. Wannan lokaci, visibility_timeout, awa 1 ne a asali. Aikin da ke cin minti 90 da acks_late a kunne zai samu kansa yana gudana a wuri biyu a tare. Haka aikin da aka ce a yi shi bayan awa 3: ma'aikaci ya ɗauke shi ya riƙe, awa ta cika, aka sake rabawa, lokacin ya yi sai a yi shi sau da yawa. A SQS lokacin ɓoyewa daƙiƙa 30 ne a asali, ana iya kai shi awa 12. A Laravel retry_after daƙiƙa 90 ne, wa'adin ma'aikaci 60, kuma dole na biyun ya kasance ƙasa da na farkon. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: lokacin ɓoyewa ya fi wa'adin aiki mafi tsawo. Abin da ya fi ɗaga lambar kuwa shi ne a daddatsa aikin. Tes 50,000 kada su zama aiki ɗaya. Su zama ayyuka 500 masu 100 kowanne, wanda ya faɗi shi kaɗai za a maimaita. Tunatarwar da za a aika jibi kuma a rubuta ta a rumbu da lokacinta, Celery beat, ɓangaren Celery da ke tada ayyuka bisa jadawali, ya sa a riƙa dubawa duk minti.

Layi nawa, ma'aikata nawa

Idan komai layi ɗaya yake bi, ranar da aka tura sanarwa ga mutum 50,000, wanda ke jiran lambar shiga ta tes zai tsaya a bayansu. Layi biyu ko uku sun isa: na gaggawa, na yau da kullum, na manyan ayyuka, kowanne da ma'aikatansa. A kula kuma da cewa Celery yana kwasar saƙonni tun kafin ya buƙace su, 4 ga kowane ƙaramin ma'aikaci. Mai ma'aikata 8 ya riƙe 32 ke nan. Ga ƙananan ayyuka hakan na ƙara sauri, ga dogaye kuwa yana sa saƙo ya zauna a aljihun wanda ya shagala alhali wani na zaune ba aiki. A layin dogayen ayyuka a mayar da worker_prefetch_multiplier ya zama 1.

Yawan ma'aikata lissafi ne da John Little ya tabbatar tun 1961: yawan abin da ke shigowa a daƙiƙa sau tsawon lokacin da kowanne ke ci. Ayyuka 10 a daƙiƙa, kowanne daƙiƙa 2, ma'aikata 20 ke nan kafin a ce an yi kunnen doki. Da 15 za a riƙa gama 7.5 a daƙiƙa, ragowar 2.5 suna taruwa, cikin awa guda sun kai 9,000. Layi yana shanye cunkoson ɗan lokaci ne kawai. Idan shigowa ta fi fita a kullum, tulin ba ya raguwa. Ƙarin ma'aikata ma yana da iyaka, domin kowanne yana buɗe haɗi da rumbu, PostgreSQL kuma 100 yake yarda da su a saitin asali.

Game da dillali, Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ya fara a 2009, shi ne mafi sauƙin ɗorawa, amma a RAM yake ajiya. A asali lokaci-lokaci yake kwafe abin da ke cikinsa zuwa faifai, don haka faɗuwa tana iya tafiya da saƙonnin mintuna. A kunna appendonly, asarar ta ragu zuwa kamar daƙiƙa 1. Kada kuma a haɗa Redis ɗin layi da wanda ake ajiyar wucin gadi a ciki, domin na ajiyar ana saita shi ya riƙa zubar da tsofaffin abubuwa idan ya cika, kuma ba ya bambanta saƙon aiki da shara. Na layi noeviction ya kamata ya zama. RabbitMQ an gina shi ne don wannan aiki tun 2007, sai dai kula da shi ya fi nauyi. Ga shafi ƙarami ko matsakaici, rumbun bayanan da ake da shi ma ya isa: tun PostgreSQL 9.5 a 2016 akwai SKIP LOCKED, wanda ke ba ma'aikata da yawa damar ɗaukar layuka daga teburi ɗaya ba tare da sun yi karo ba. A kan wannan Solid Queue ya dogara, wanda Rails 8 ya mayar da shi zaɓin asali a 2024. Idan teburin layin yana cikin rumbu ɗaya da odar, ribar babba ce: oda da aikinta suna shiga ƙunshi ɗaya, giɓin nan da muka ambata ya toshe.

Mutumin da ke jira shi ma yana da haƙƙi. Idan sakamakon aikin yake buƙata, kamar rahoto ko fayil, sabar ta amsa da lamba 202, mai nufin an karɓa ba a gama ba, tare da lambar aikin. Shafin ya riƙa tambaya duk daƙiƙa 2 ko 3. Halin aikin a ajiye shi a teburin manhajar: yana jira, yana gudana, ya kammala, ya faɗi. Kada a dogara da ma'ajiyar sakamakon Celery, domin bayan kwana 1 take gogewa, kuma lambar da ba ta sani ba ma "yana jira" take cewa. Idan aikin ya faɗi a gaya wa mutumin da kalmomin da zai gane, kada a bar shi da da'ira mai juyawa.

Haka abin yake idan mu ne ake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Paystack yana aiko sanarwar biya zuwa adireshin da ɗan kasuwa ya ba shi, idan bai samu amsa mai lamba 200 ba yana ci gaba da sake aikowa har awa 72. Saboda haka a tantance sa hannun saƙon, a rubuta shi a rumbu, a amsa 200 nan take, sauran aikin a bayan fage. A kuma sa ran sanarwa ɗaya za ta iya zuwa sau biyu.

Ranar ɗora sabon gyara tana da nata matsaloli. Ma'aikatan bayan fage suna riƙe da tsohon rubutun manhaja a RAM har sai an sake kunna su; a Laravel queue:restart ake bugawa, a Celery a sake kunnawa ta systemd ko Supervisor. Siginar SIGTERM, wadda ake aika wa shiri don ya tsaya, tana sa Celery ya daina ɗaukar sabo ya ƙarasa na hannunsa, amma kayan da ke kunna manhajar suna da iyakar jira: Docker daƙiƙa 10 yake jira kafin ya kashe da ƙarfi, Kubernetes 30, sai an ƙara musu. Sannan akwai saƙonnin da tsohuwar manhaja ta tura suna layi. Aka canza sunan aiki ko aka ƙara masa wani abin da dole a ba shi, tsofaffin saƙonnin duka za su faɗi. Sabon abin a ba shi ƙimar asali, tsohon suna a bar shi har layin ya tsiyaye.

Abin da ya kamata a sa wa ido ba tsawon layi ba ne kawai, domin saƙo 10,000 da za su ƙare cikin minti 2 ba matsala ba ne, saƙo 3 da suka kwana kuwa matsala ce. Shekarun saƙo mafi tsufa ake aunawa, kowane layi da iyakarsa: na lambar shiga daƙiƙa 30 ma ta yi yawa, na rahoton wata awa 1 ba komai. Ma'ajiyar matattu a ba wani mutum takamaimai alhakin duba ta kullum. Sai kuma mutuwar da ba ta da ƙara, inda ma'aikata ko Celery beat suka tsaya cak, ba kuskure ko ɗaya a kundi domin ba abin da ke gudana balle ya faɗi. Don ita ake sa ɗan aiki da ke bi ta cikin layin duk minti ya rubuta lokaci a rumbu, wata na'ura da ke wajen wannan sabar ta riƙa dubawa. Idan minti 5 suka wuce lokacin bai canza ba, a kira wayar mai kula da sabar, ko da tsakar dare ne.